Yadda Ake Jera Tarihin Komowar Yahudawa Daga Babila da Sake Gina Haikali

Duk wanda ya ɗauki littafin Ezra na Littafi Mai Tsarki ya bi shi babi bayan babi, yana zaton labarin ma haka yake tafiya a jere, zai iso babi na huɗu hanya ta ɓace masa. A can zai tarar da sarkin da ya hau gadon mulki a shekara ta 465 yana hana wani gini, sai kuma aya ta gaba ta ce aikin ya tsaya har zamanin sarkin da ya hau a 522. Marubucin ya tsara labarinsa ne bisa jigo, yana haɗa abin da ya yi kama da juna ko da shekaru saba'in ne tsakaninsu. Wanda yake son ya koyar da wannan tarihi, ko ya rubuta shi, ko ya fahimce shi don kansa, dole ya warware shi ya sake jera shi bisa shekaru. Aikin yini guda ne idan an bi shi da tsari.

Duk shekarun da za a ambata nan kafin Miladiyya ne, sai inda aka faɗi akasin haka. Ƙidayarsu tana raguwa ne: 539 ta riga 520 zuwa.

Nemi takarda mai faɗi da fensir, don za ka yi ta gogewa. Ja layi ka raba ta gida huɗu: shekara, sarki mai ci, abin da ya faru, da inda aka sami labarin. Gida na huɗun nan shi mutane suka fi rainawa, alhali shi ne zai nuna maka wane layi ne yake da shaida biyu, wane ne yake tsaye da ƙafa ɗaya. Abin da za ka buɗe a gabanka shi ne 2 Sarakuna 24 da 25, Irmiya 52, Ezra, Nehemiya, Haggai, da surori takwas na farkon Zakariya. Wanda ya saba da sunayen littattafan tafsiri da tarihin Larabci ya sani cewa Bukhtanasar shi ne Nebukadnezzar, Baitul Maƙdis kuma ita ce Urushalima.

Fara da sarakuna, kada ka fara da labari

Littattafan nan ba su san "shekara ta 520" ba. Abin da suke cewa shi ne shekara ta biyu ta sarki wane, wata na shida, rana ta ɗaya. Saboda haka jerin sarakuna shi ne ƙashin bayan takardarka. Rubuta su a gefe, kowanne da shekarar hawansa da ta saukarsa: Nebukadnezzar na Babila, 605 zuwa 562. Sairus na Farisa, wanda ya ci Babila a 539 ya mutu a 530. Ɗansa Kambisis, 530 zuwa 522. Dariyus na Ɗaya, 522 zuwa 486. Ahasurus, wanda Girkawa suke kira Zaksis, 486 zuwa 465. Artashate na Ɗaya, 465 zuwa 424. Dariyus na Biyu, 423 zuwa 404. Artashate na Biyu, 404 zuwa 358.

A nan ake fara tuntuɓe, domin sunaye suna maimaituwa. Dariyus da aka gama Haikali a zamaninsa shi ne na Ɗaya. Dariyus Bamediye na littafin Daniyel wani ne dabam, kuma ba a sami sunansa a rubuce-rubucen Babila ko na Farisa ba, don haka kada ka ba shi layi a jerin sarakunanka. Ajiye shi a gefe da alamar tambaya. Kama da wane ba wane ba ce. Kambisis kuwa littafin Ezra bai ambace shi ko sau ɗaya ba, amma sai ka rubuta shi, domin shekarunsa takwas suna cikin lokacin da ginin ya kwanta.

Yanzu lissafin. A tsarin Babila, wanda Farisawa suka gada, ragowar shekarar da tsohon sarki ya mutu a cikinta ba a ƙidaya wa sabon sarki ita a matsayin shekararsa ta farko. Ana kiranta shekarar hawa. Shekara ta ɗaya tana farawa ne da sabuwar shekara, a watan Nisan, wajen Maris ko Afrilu. Wannan ya ba ka ƙa'ida mai sauƙi: ɗauki shekarar hawan sarki ka debe lambar shekarar da littafi ya faɗa. Shekara ta biyu ta Dariyus: 522 a debe 2, saura 520. Shekara ta bakwai ta Artashate na Ɗaya: 465 a debe 7, saura 458. Ta ashirin ɗinsa 445. Shekara ta farko ta Sairus a Babila 538.

Akwai wutsiya ɗaya da ake mantawa. Tun da shekararsu tana farawa a Maris ko Afrilu, wata na goma sha ɗaya da na goma sha biyu suna faɗawa ne cikin Janairu zuwa Maris na shekarar Miladiyya mai bi mata. Idan abin ya faru a waɗannan watanni, sai ka ƙara debe ɗaya. Dalilin ke nan da za ka ga wani littafi ya ce an gama Haikali a 516, wani ya ce 515. An gama shi a ranar uku ga Adar, wata na goma sha biyu, shekara ta shida ta Dariyus. Shekarar ta fara a 516, amma Adar ɗinta ya faɗo cikin Maris na 515. Masu lissafin kalandar Babila sun sa ranar a 12 ga Maris.

Kwasar mutane ba sau ɗaya aka yi ta ba

Kafin ka rubuta komowa, rubuta tafiya. Layi mafi ƙarfi a dukan takardarka shi ne na 597, domin wani allon yumɓu na tarihin sarakunan Babila ya rubuta cewa Nebukadnezzar ya kama birnin Yahuda, wato Urushalima, ranar biyu ga Adar a shekararsa ta bakwai, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda yake so. Gwada ƙa'idar: 605 a debe 7 saura 598, watan Adar ne, a ƙara debe ɗaya, 597. Ranar 16 ga Maris ke nan. Sarkin da aka tafi da shi Yehoyakin ne, wanda aka naɗa kuma Zadakiya. An ma tono alluna a Babila masu lissafin man da ake ba Yehoyakin da 'ya'yansa daga rumbun sarki.

Layi na biyu shi ne ƙone Haikalin Sulemanu da rushe garun birni a wata na biyar. 2 Sarakuna 25 ya ce shekara ta goma sha tara ta Nebukadnezzar, wato 586. Lissafin kamammu da ke ƙarshen Irmiya 52 ya ce ta goma sha takwas, wato 587. Allon Babila da zai raba gardamar ya tsaya a 594, don haka rubuta 587/586 ka wuce. Akwai kwasa ta uku a 582. Irmiya ya ba da adadi: 3,023, sai 832, sai 745, jimla 4,600. Littafin Sarakuna ya ce 10,000 a karon farko kaɗai. Mai yiwuwa ɗaya yana ƙidaya magidanta ne kawai, ɗayan kuma yana haɗawa da sojoji da masu sana'a. Abin lura shi ne ba a kwashe kowa ba. An bar talakawa masu aikin gona da kula da inabi, aka mai da hedkwatar mulki Mizfa. Waɗannan da suka rage, su ne suke zaune a gonakin da masu komowa za su zo suna cewa na kakanninsu ne.

Umarnin Sairus

Sojojin Farisa sun shiga Babila a Oktoba 539. A 538 sai umarni ya fito. Littafin Ezra ya kawo shi sau biyu, kuma ya kamata ka sa su kafaɗa da kafaɗa. Na babi na ɗaya da Ibrananci yake, shela ce ta jama'a: wanda yake so ya tafi ya gina, maƙwabtansa su taimake shi da azurfa da zinariya da dabbobi. Na babi na shida da harshen Aramiya yake, harshen ofisoshin daular, kuma takardar tuni ce ta ma'aji. Babu maganar komowar jama'a a cikinta. Abin da ke ciki awo ne da kuɗi: tsayi kamu 60, faɗi kamu 60, jeri uku na manyan duwatsu da jeri ɗaya na katako, a biya daga baitulmalin sarki, a mayar da kayan zinariya da azurfa da aka kwaso. Idan ka ɗauki kamu a santimita 45, kamu 60 ya kai mita 27. Haikalin Sulemanu tsawonsa kamu 60 ne, faɗi 20, tsayi 30. Takardar Sairus ba ta ba da tsawo ba, kuma iyakar abin da aka yarda a gina ta faɗa. Kada ka zana ginin da wannan awo ka ce haka ya fito.

Za ka ci karo da maganar Gungumen Sairus, wani mulmulallen yumɓu mai rubutu da aka tono a Babila a 1879, yana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Sau da yawa ana cewa shi ne umarnin sakin Yahudawa. Bai ambaci Yahudawa ko Urushalima ba ko kaɗan. Abin da ya ce shi ne Sairus ya mayar da gumakan wasu birane na Mesofotamiya da gabashinta wuraren ibadarsu, ya kuma mayar da mutanensu. A gida na huɗu rubuta cewa ya nuna irin siyasar Sairus, iyakarsa ke nan.

Alƙaluman da ba sa haɗuwa

Idan kana koyarwa, wani ɗalibi mai kalkuleta zai kama ka a nan, gara ka riga shi. Ezra 1 ya lissafa kayan Haikali da ma'aji Mitredat ya ƙirga wa Sheshbazzar, jagoran masu komowa na farko: 30, 1,000, 29, 30, 410, da 1,000. Tara su, 2,499 za ka samu. Jimlar da aka rubuta 5,400 ce. Haka jerin masu komowa: Ezra 2 da Nehemiya 7 duka sun ce 42,360, amma idan ka tara iyali-iyali, na Ezra ya ba da 29,818, na Nehemiya 31,089. Lambobi su ne abin da ya fi lalacewa a hannun masu kwafa, kuma ana iya cewa jimlar ta haɗa da waɗanda ba a jera ba. Rubuta jimlar da tarin duka biyu, kada ka ɓoye ɗaya.

Jerin yana da abin faɗa fiye da jimlarsa. Firistoci daga gidaje huɗu sun kai 4,289, kusan kashi ɗaya cikin goma na taron, Lawiyawa kuwa, masu taimaka wa firistoci a Haikali, 74 kacal. Masu komowa mutanen Haikali ne, waɗanda ba su da aiki a Babila irin wanda zai jira su a Urushalima. Dabbobinsu ma suna magana: dawakai 736, alfadarai 245, raƙuma 435, jakuna 6,720. Bayi maza da mata 7,337.

Kada ka ɗauka dukan mutanen nan ayari ɗaya suka taso a 538. Jerin ya kasa wasu bisa garuruwan da suka riga suka zauna, kuma a cikin sunayen shugabanninsa akwai na Farisawa. Ya fi kama da ƙidayar da ta tara zuwan shekaru da dama. Masu tonon ƙasa ma sun ga lardin Yahud, wato ƙasar Yahuda a ƙarƙashin Farisa, ƙarami ne, Urushalima kuma ta daɗe tana ƙaramin gari a kan tudu ɗaya. Da yawa ba su koma ba sam. Allunan wani ƙauye a Babila da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuda, sun nuna iyalai suna noma, suna biyan haraji, suna ƙulla yarjejeniya daga wajen 572 har 477, shekaru sittin bayan umarnin Sairus. Takardun gidan kasuwancin Murashu a Nippur, na ƙarni na biyar, su ma suna ɗauke da sunayen Yahudawa.

Sheshbazzar da Zarubabel kuma ka ba kowa layinsa. Ezra 5 ya ce Sairus ya naɗa Sheshbazzar gwamna, shi ya aza harsashi. Ezra 3 da Zakariya 4 sun ba Zarubabel, jikan Yehoyakin, wannan aiki. Tsofaffin masu sharhi sun ce mutum ɗaya ne mai suna biyu, sai dai duka sunayen na Babila ne, kuma dattawan da suka yi magana a Ezra 5 sun ambaci Sheshbazzar kamar wanda ya shuɗe, alhali Zarubabel yana bakin aiki. Abin da ya fi zama daidai shi ne na farko ya fara a 538, na biyu ya sake ɗauka.

Ginin kansa

Bagade aka fara ginawa, a wata na bakwai, a kan tsohon gurbinsa, aka fara miƙa hadaya safe da yamma tun babu ko dutse ɗaya na Haikali. Sai aka biya magina da masassaƙa da kuɗi, aka biya mutanen Sidon da Taya da abinci da abin sha da mai, su saro itacen al'ul daga Lebanon su biyo da shi ta teku zuwa Yafa. Daga Yafa sai a hau da shi tudu zuwa Urushalima. A wata na biyu na shekara ta biyu aka aza harsashi, Lawiyawa masu shekara ashirin zuwa sama suna duba aiki. Ranar, tsofaffin da suka ga ginin farko da idonsu suna kuka, matasa suna sowa, har daga nesa ba a iya bambanta wannan da wancan. Yi lissafi ka ga ko zai yiwu: wanda yake da shekara goma sha biyar a 586 yana da sittin da biyar a 536.

Daga nan aiki ya kwanta wajen shekara goma sha shida. Kada ka ba da dalili ɗaya, domin shaidunka biyu ba abu ɗaya suka gani ba. Ezra 4 ya ɗora wa maƙwabta, zuriyar waɗanda sarkin Assuriya Esarhaddon ya zaunar a ƙasar, da suka nemi a gina tare aka ƙi, suka koma suna tsoratarwa suna sayen mashawartan fada. Annabi Haggai kuwa, wanda yake wurin, bai ambaci maƙiyi ko ɗaya ba. Shi mutanensa ya tuhuma: suna cewa lokaci bai yi ba, suna zaune cikin gidajen da suka rufe da katako. Ya kuma nuna halin da ake ciki. Fari ne. Mutum ya je tsibin hatsin da yake sa ran awo ashirin ya tarar da goma, ya je wurin matse inabi yana sa ran hamsin ya sami ashirin, ɗan ƙodago kuma kamar yana zuba ladansa a aljihu mai huda. Jama'ar da ke cikin wannan hali ba sai an hana su gini ba.

Ga tarkon da aka fara da shi. Ezra 4:6 zuwa 4:23 ba wurinsu ba ne a jerin shekaru. Sa musu baka biyu da fensir. Aya ta 6 ta zamanin Ahasurus ce, sauran na Artashate. Karanta wasiƙar da jami'an daular, Rehum da Shimshai, suka aika wa Artashate: ƙararsu ita ce ana gina birni da garunsa, idan an gama ba za a ƙara biyan haraji da gandu ba. Haikali bai fito a cikinta ba, domin an gama shi shekaru hamsin kafin nan. Aya ta 24 tana komawa ne ta ɗora daga aya ta 5. Ɗauke wannan yanki ka kai shi ƙasa, gab da Nehemiya. Masu sharhi na dā da ba su lura da haka ba sun tilasta sunayen, suka ce Ahasurus ɗin Kambisis ne. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya marubucin tarihi Yusufus ya sa sunan Kambisis a gurbin Artashate don labarin ya miƙe.

Shekarar 520 ita ce ta fi kowace cikar kwanan wata. Dariyus bai daɗe da murƙushe tawayen da ya biyo bayan mutuwar Kambisis ba. A rubutunsa na dutsen Behistun ya yi taƙama da yaƙi goma sha tara da kama sarakuna tara. Cikin wannan lafawar Haggai ya yi magana da Zarubabel da babban firist Yeshuwa ranar ɗaya ga wata na shida, 29 ga Agusta. Aiki ya tashi ranar ashirin da huɗu, 21 ga Satumba, bayan kwana ashirin da uku. Ranar 17 ga Oktoba ya sake magana don masu cewa ginin ba komai ba ne idan aka gwada da na farko, sai kuma 18 ga Disamba. Wahayin Zakariya na dare ya zo a wata na goma sha ɗaya, wato 15 ga Fabrairu 519. Ga ƙa'idar ƙarin debewa ta sake aiki.

Sai Tattenai, gwamnan lardin Hayin Kogi, wato duk ƙasar da ke yammacin Yufiretis, ya zo dubawa. Ana yawan jera shi cikin maƙiya, kuma an zalunce shi. Tambaya biyu ya yi, irin ta kowane jami'i: wa ya ba ku izini, su wane ne masu aikin? Bai tsai da ginin ba. Ya rubuta wa sarki abin da ya gani, manyan duwatsu da katako a cikin bango, ya nemi a bincika. An duba gidan ajiyar takardu na Babila, amma takardar a Ekbatana aka same ta, a ƙasar Mediya, inda sarakunan Farisa suke zuwa shan iska lokacin zafi. Dariyus ya tabbatar da ita, ya ce a biya daga harajin lardin, a ba firistoci dabbobi da alkama da gishiri da ruwan inabi da mai kullum, su kuma su yi wa sarki da 'ya'yansa addu'a. Wanda ya saɓa, a zare katako daga gidansa a tsire shi a kai. Sunan Tattenai ya fito a wani allon Babila na shekarar 502 da muƙaminsa, don haka layinsa yana da ƙafa biyu.

Daga Satumba 520 zuwa Maris 515 shekara huɗu da rabi ke nan. A bikin keɓewa an yanka bijimai 100, raguna 200, 'yan raguna 400, da bunsurai 12 don kabilu goma sha biyu. Na Sulemanu an rubuta shanu 22,000 da tumaki 120,000. A watan da ya biyo bayan gama ginin aka yi Idin Ƙetarewa. Lura da wanda babu shi a labarin bikin: Zarubabel. Sunansa ya ɓace tun kafin a gama, littattafan kuma ba su ce komai ba. Akwatin alkawari ma babu shi a lissafin kayan da aka dawo da su.

Ramin da ke tsakanin babi na shida da na bakwai

Ezra 7 ya buɗe da cewa bayan waɗannan abubuwa, kamar an kwana biyu. Shekara hamsin da bakwai ne, daga 515 zuwa 458. Bar fili babba a takardarka. Labarin Esta a nan yake zaune, a fadar Ahasurus. Ma'anar wannan ita ce Ezra, wanda littafin yake ɗauke da sunansa, bai gina Haikali ba, bai kuma ga gininsa ba. Malamin Attaura ne da ya zo da takardar sarki don ya tsara shari'a da ibada.

Tafiyarsa ce kaɗai aka ba mu kwanakinta, ita ce kuma ma'aunin sauran. Ya tara mutane a bakin kogin Ahawa, maza kusan 1,500, ya duba bai ga Balawi ko ɗaya ba, sai da ya aika aka samo 38 da ma'aikatan Haikali 220. Suka tashi ranar goma sha biyu ga wata na ɗaya, suka isa ranar ɗaya ga wata na biyar, kwana ɗari da 'yan kai. Ba a ratsa hamada kai tsaye. Ana bin Yufiretis zuwa arewa a zagayo ta Suriya, wajen kilomita 1,400 zuwa 1,500, wato kilomita goma sha uku ko sha huɗu a yini, tafiyar masu yara da kaya. Sun ɗauko azurfa talanti 650, kusan tan ashirin idan talanti ya kai kilo talatin, ba tare da rakiyar soja ba, domin Ezra ya ji kunyar roƙon sarki bayan ya ce Allah zai tsare su. An auna kayan kafin tashi, aka sake aunawa a Haikali rana ta huɗu da isowa.

Nehemiya, mai shayar da sarki a Shushan, ya zo a 445 da mahaya da wasiƙu, har da ta zuwa ga mai tsaron kurmin sarki don katako. Aikinsa garu ne. Ya raba shi yanki-yanki ga iyalai da masu sana'a, wasu suna gyara daidai ƙofar gidansu, aka gama cikin kwana 52, ranar ashirin da biyar ga Elul, wata na shida. Gyara ne a kan tsohon tushe, shi ya sa kwanakin ba su zama abin mamaki ba. Maƙiyansa su ne Sanballat, Tobiya da Geshem. Kada ka kai su zamanin Zarubabel, kuskure ne da ake yawan yi a wa'azi da aji. Tsakanin gama Haikali da gama garu shekara saba'in ne. Za ka ga wasu sun rubuta 444: Nehemiya ya ji labari a wata na tara na shekara ta ashirin, ya yi wa sarki magana a wata na ɗaya, har yanzu a shekara ta ashirin, abin da suka ɗauka yana nufin shekararsa daga kaka take farawa.

Gardama biyu da za ka tarar

Shekara saba'in na bauta wa Babila da annabi Irmiya ya faɗa, kada ka nemi ka matse ta tsakanin 586 da 538, arba'in da takwas za ka samu. Hanya uku ake bi. Daga rushe Haikali zuwa gama sabo, 586 zuwa 516, ita ce ta dace da yadda Zakariya ya yi maganar. Daga 605 zuwa aza harsashi a wajen 536. Ko daga 609, lokacin da ƙarfin Assuriya ya ƙare, zuwa faɗuwar Babila a 539, domin abin da Irmiya 29 ya ce shi ne shekara saba'in ga Babila. Faɗi wadda ka ɗauka da dalilinka. Idan kuma ka ga littafin da ya sa rushewar Haikali a wajen 423, lissafin gargajiya na malaman Yahudawa yake bi, wanda ya taƙaita zamanin Farisa da sama da shekara 160. Kada ka gauraya shi da naka a takarda ɗaya.

Ta biyu ita ce wa ya riga zuwa, Ezra ko Nehemiya. Littafin bai faɗi wane Artashate ba ne. Idan na Biyu ne, shekararsa ta bakwai 398 ce, domin ya hau ne kafin Nisan na 404, sai a debe daga 405. Hujjar masu wannan ra'ayi daga Masar ta fito. A tsibirin Elefantin, kusa da Aswan, Yahudawa sojojin haya suna da nasu haikalin, aka rushe shi a 410. A 407 suka rubuta wa Bagohi gwamnan Yahud suna neman izinin sake ginawa, suka ce sun riga sun rubuta wa babban firist Yohanan bai amsa ba, sun kuma aika wa Delaya da Shelemiya 'ya'yan Sanballat gwamnan Samariya. Wannan ya kafa Nehemiya daram a zamanin Artashate na Ɗaya, tun da a 407 'ya'yan abokin gabarsa ne suke riƙe da al'amura. Amma babban firist a zamanin Nehemiya Eliyashib ne, Ezra kuma an ce ya kwana a ɗakin Yehohanan ɗan Eliyashib, abin da ya sa wasu suka ce Ezra ya biyo baya. Masu riƙe da 458, kuma su ne suka fi yawa, suna cewa sunan Yohanan ya yawaita a gidajen firistoci, ayar ba ta kira shi babban firist ba, kuma Nehemiya 8 ya nuna mutanen biyu tare ranar karanta Attaura a dandalin Ƙofar Ruwa. Rubuta 458 a layin Ezra, ka sa 398 a gefensa da ƙaramin rubutu, sannan wasiƙar Elefantin ta 407 ta zama layi na ƙarshe mai tabbataccen kwanan wata a takardarka.